Hannu Uku Domin Njidda

Sintali B, Jalingo
Watan Agusta

Zuwa ga ɗana Sirajuddeen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hamna da yara. Mu nan sai godiya. Ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gida ta tsage, amma masara ta yi kyau. Matata Alisabatu na fama da gwiwa kamar kullum, tana gaishe ka. Ranar Lahadi bayan sujada na biya wurin mahaifiyarka Talatu. Ta ce in gaya maka ta gaji da jin muryarka a waya, fuskarka take son gani.

Na ba Yuguda direba wannan takarda ya kawo maka Abuja, don na san in na kira ka za ka ce, "Kawu, ina miting." Takarda kuwa za ta jira ka gama.

Shekaranjiya ina fili ina duba inda ruwa ya ci, sai ga Zacchaeus kocin Nukkai a kan babur. Yaron da ni na koya wa ɗaurin igiyar takalmi. Ko sauka bai yi ba, ya ce, "Baba Koci, ashe mun kusa zama surukai!" Na ce da wa? Ya yi dariya ya ce in tambayi ciyaman ɗina na Abuja.

Ciyaman ɗina kai ne, saboda haka ina tambayarka.

Bari in tuna maka yadda abin yake, tunda kujerar nan gadonta ka yi daga mahaifinka, ba a fili ka same ta ba. Ni da mahaifin naka Abbo, Allah ya jiƙansa, mu muka kafa kulob ɗin Sintali, mu kuma muka kai wa kwamitin gasar unguwanni dokar rabon yara. A da, duk yaron da ya yi fice a gasar makarantu, unguwar masu hali ce ke ɗauke shi. Muka ce a daina. A tara yaran da suka gama sakandare rana ɗaya, kowane kulob yana da hannu ɗaya a shekara, a hannun nan ya ɗauki yara biyu. Wanda ya ƙare a ƙasan tebur shi ke fara ɗauka. Ba a yi wa wani sabon yaro rajista ta bayan fage. Bana hannun farko namu ne, tunda mu muka zo na ƙarshe.

Abin da ake faɗa a gari shi ne wai za ka ba Nukkai hannunmu na bana da na baɗi da na shekarar da ke bi, su ba mu lamba gomansu, Njidda. Yara shida a kan yaro ɗaya.

Ka rubuto ka ce mini ƙarya ne.

Kawunka,
Obadiya


Abuja
Watan Agusta

Kawu,

Barka da war haka. Ina fatan kuna lafiya, ya jikin Mama Alisabatu? Allah ya ƙara sauƙi. Hamna da yara suna gaida ku. Maganar katanga, na ce wa Yuguda ya turo mai gini ya duba.

Kawu, ba ƙarya ba ne, amma ba a gama ba. Na so in zo da kaina in yi maka bayani, Zacchaeus ya riga ni da bakinsa. Ka yi haƙuri.

Ka dubi inda muke. Kaka biyu a jere muna ƙasan tebur. Da na zo Sallah, a ƙofar gidanmu na ga yaran Sintali sanye da jesin Nukkai. Wani a wurin mai shayi ya ce wai Sintali makaranta ce, ba kulob ba: muna yaye yara, ba ma cin kofi. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma har yau ban manta da maganar ba. Kowace shekara sai ka ɗauki ɗanyun yara ka yi ta gyara. Da sun fara nuna, wannan ya tafi soja, wancan ya kama tuƙin keke, sai a sake komawa farko.

Njidda ba ɗanye ba ne. Na kalli bidiyonsa har na haddace. Ƙafa biyu yake bugawa, kuma kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda zai aika ta. 'Yan gabanmu ba laifinsu ba ne, babu mai ba su ne. Zacchaeus ya yarda ya sake shi ne don rabin 'yan wasansa sun watse, yara yake nema da yawa, ba tauraro ɗaya ba.

Ga kuma lissafin da nake so ka duba da kyau. In muka hau saman tebur da Njidda, hannunmu na baɗi zai koma can ƙarshe, bayan an kwashe na kirki. Ke nan abin da muka bayar na gaske hannun bana ne kawai, sauran biyun ba su da nauyi.

Baba ya rasu bai ɗaga kofin nan ba. Kai ma ba ka taɓa ɗaga shi ba, Kawu. Ina so in ga ka ɗaga shi da hannunka. Wallahi don kai nake yi.

Ɗanka,
Sirajuddeen


Sintali B, Jalingo
Farkon Satumba

Sirajuddeen,

Takardarka ta iso. Muna lafiya. Mai ginin ya zo ya dubi katanga ya tafi, bai dawo ba. Idona na dama yana ɗan damuna, ba wani abu ba ne.

Na karanta lissafinka. Lissafi ne mai kyau, irin na mutanen ofis, wanda ke farawa da "in". In muka hau saman tebur. To, in ba mu hau ba fa? In wani ƙaton mai tsaron baya ya taka masa idon sawu a wasa na biyu? Ka san filayenmu, ka san alƙalan wasanmu. Sai mu sake zama na ƙarshe, mu ɗauki hannun farko mu miƙa wa Nukkai, baɗi mu sake miƙawa. Mu sha kashi, su ci ladan.

Na ga Njidda da idona, ba a waya ba. Ya iya, ban ce bai iya ba. Amma bidiyo yana bin ƙwallo ne, ba ya nuna maka inda yaro yake tsaye lokacin da ba ta ƙafarsa. Kuma duk bidiyon da ka haddace na wasannin damina ne. Gasarmu ta rani ce. Uban yaron nan mai shanu ne, shi kaɗai ne ɗansa namiji. In ciyawa ta bushe, garke zai gangara bakin Binuwai wajen Lau, wa kake tsammani zai bi shi? Ɗan mai shanu in rani ya yi kogi yake kallo, ba raga ba. Ka tambayi kanka me ya sa Zacchaeus ke murmushi.

Ka ce wani a wurin mai shayi ya kira mu makaranta. Ka gaishe shi, gaskiya ya faɗa. Ni malami ne. Na yi kwalejin horon malamai lokacin da ake zaɓen mutum ɗaya a gunduma. Na je Legas na yi kwas ɗin koci, na fito da takardar yabo, tana cikin akwati asu na ci. Waɗanda na riƙa yi wa aikin lissafi a aji, wasu sun yi kwamishina, in motarsu ta wuce ni a hanya gilashi suke ɗagawa. Ban samu kujera ba, ban samu kofi ba, ban gina bene ba. Abin da ya rage mini shi ne yara biyun nan da nake ɗauka kowace shekara, waɗanda ba su san yadda ake tsayar da ƙwallo da ƙirji ba, in tsaya a kansu har su sani.

Akwai wani dogo ɗan unguwar Kachalla Sembe, Tobiya, bahago, mai tsaron baya. Tun yana aji ɗaya nake zuwa kallonsa a gasar makarantu. Ba ya cikin bidiyon kowa. Yana rufe ido in zai sa kai, yana juyawa kamar tirela. Amma ba ya tsoro kuma yana jin magana. Shi nake jira bana.

Shekarata saba'in ba ɗaya. Ba ni da shekara uku da zan ba Zacchaeus. In ka ba da hannuwan nan, ka gaya mini abin da zan riƙa yi a fili da yamma.

Kada ka ce don ni kake yi. Ban roƙe ka kofi ba.

Obadiya


Abuja
Tsakiyar Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Allah ya sa kowa lafiya.

Na karanta takardarka, kuma da ma ban karanta ta a gaban Hamna ba, don ta ga yadda fuskata ta sauya.

"Ɗan mai shanu kogi yake kallo." Kawu, Abbo ɗan wa ne? A ruga aka haife shi. Ni jikan mai shanu ne. Lokacin da Mama ta aure shi, dangi da yawa sun juya mata baya, ana cewa kai kaɗai ka tsaya. Da wannan labarin na girma. Ban taɓa zaton zan ga irin wannan magana da rubutun hannunka ba. Irinta nake ji a bakin mutanen da ba su san ko ni wane ne ba, in yi shiru in wuce. Daga gare ka ba zan iya wucewa ba.

Duk da haka na bincika. Na samu mahaifin Njidda a waya. Ya ce 'ya'yan ƙaninsa ne za su bi garke bana, yaron zai zauna a gari wurin goggonsa. Ya ce shi ma yana so ɗansa ya gwada sa'arsa. Ka ga wannan hujjar ta faɗi.

In akwai wata hujja ta ƙwallo, ba ta asalin mutum ba, ina saurare. Kwamiti zai rufe karɓar musaya a ƙarshen watan nan. Ba na so in sa hannu ba tare da kai ba. Ka rubuto ko da layi ɗaya ne. In ka ce a'a kuma ka faɗi dalili, zan sake tunani. In ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka ka bar mini.

Sirajuddeen


Abuja
Ƙarshen Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa.

Yuguda ya ce ya miƙa takardata a gida, Mama Alisabatu ta karɓa a bakin ƙofa ta ce kana hutawa. Ya sake komawa, ta ce babu saƙo. Na kira wayarka, a kashe kamar kullum.

Na fahimta. Ba ka son magana da ni.

Na sa hannu, Zacchaeus ya sa, sakataren kwamiti ya buga hatimi. Njidda ɗan Sintali ne daga yau. Hannunmu na bana da na baɗi da na gaba sun koma Nukkai.

Na jira har ranar ƙarshe, Kawu. Ina so ka san wannan.

Sirajuddeen


Sintali B, Jalingo
Watan Oktoba

Sirajuddeen,

Ka yi haƙuri da rubutun, manya-manya nake yi, idon bai gama warkewa ba.

Yanar ido aka cire mini. Likita ya ce ko a yi yanzu ko in rasa shi. Ban gaya wa kowa ba, ko mahaifiyarka, don ba na son a cika mini ɗaki da sannu. Aka rufe idon, aka hana ni karatu, aka hana ni sunkuyawa. Takardunka biyu Alisabatu ta karɓa ta ajiye a saman kabad ba ta buɗe ba. Sai da aka cire bandeji ta kawo mini su tare da koko.

Na ce, "Me ya sa ba ki karanta mini ba?"

Ta ce, "Likita ya ce ban da ɓacin rai. Duk takardar da ta fito daga Abuja sai ka yi kwana biyu kana faɗa da kaji."

Na ce mata ta san abin da ta jawo? Ta ce, "Na jawo maka ido. Da wanne za ka ga yaran naka, da na baya?"

Ba zan yi faɗa da ita ba. Kai ne ka san ni tun kana rarrafe, ka taɓa ganin na yi shiru don fushi? In na yi fushi unguwa ce ke ji. Da ka ji shiru sai ka ce wani abu ya samu tsohon nan, ka kira mahaifiyarka ta leƙo. Ba ka kira ba, don shirun ya yi maka daidai.

Maganar shanu. Na sake karanta abin da ka kwafo daga takardata, kuma na ga yadda ya fito. Lokacin gasa nake nufi, ba jinin mutum ba. Da ɗan masunci ne sai in ce maka zai bi kifi. Abbo ya san bakina, da dariya zai yi ya ce mini ɗan manomi in damina ta sauka ba ya zuwa atisaye, kuma gaskiya ne. Na sha nono a rugar kakanka tun kafin a yi maganar auren uwarka. Amma ka ji zafi, kuma alƙalamina ne ya jawo. Wannan na karɓa.

Abin da ban karɓa ba shi ne, takarda mai shafi uku na aika maka, ka tsinci layi ɗaya ka riƙe. A ƙasansa na tambaye ka me zan riƙa yi a fili da yamma. Ka nemi hujja ta ƙwallo. Wannan ce hujjata, tana gabanka, ka tsallake ta.

An yi rabon yara ranar Asabar a filin firamare. Alisabatu ta ce kada in je, na je da baƙin tabarau kamar mawaƙi. An jera bencina a inuwar mangwaro, yara na tsaye a layi, iyaye a baya. Sakatare ya buɗe baki ya ce, "Hannun farko, Sintali," don bakinsa ya saba. Sai ya dubi takarda ya ce, "Afuwan. Nukkai, a madadin Sintali." Wani daga baya ya ce, "Baba Koci ya zo kallo ne bana!" Aka yi dariya.

Zacchaeus ya miƙe bai ko yi jinkiri ba. Sunan Tobiya ya fara kira. Ashe ya daɗe yana lura da inda nake tsayawa a gasar makarantu, wanda na kalla shi yake kalla. Yaron ya fito daga layi, ya nufo bencina, don duk garin an san Sintali zai zo. Sai da aka juya shi.

Na zauna har aka gama. Dokar da ni na rubuta, da ita aka yi komai, babu inda aka karya.

Obadiya


Abuja
Watan Oktoba

Kawu,

Ya jiki? Ya idon? Wallahi ban sani ba. Mama ta kira ni ta wanke ni tas, ta ce da ni da kai duk kanmu ɗaya, taurin kai a jini yake.

Na koma na karanta takardarka ta farkon Satumba. Na ga tambayar. Ban san yadda aka yi na wuce ta ba. Ko kuma na sani, raina ne ya ɓaci na daina karatu na fara shirya amsa.

Na kira sakatare na tambaya ko za a iya warwarewa. Ya ce an yi rabo, an yi rajista, sai dai in Nukkai ta yarda. Na kira Zacchaeus, ya ce yana girmama ka amma shi ma yana da unguwar da zai amsa wa.

Abin da ya rage Njidda ne. Shekararsa goma sha bakwai, Kawu, shi ma yaro ne. Ba zai rasa abin koyo ba. Ka karɓe shi, ka tsaya a kansa yadda kake tsayawa a kan sauran. Ina roƙonka.

Ɗanka,
Sirajuddeen


Sintali B, Jalingo
Ƙarshen Nuwamba

Ɗana Sirajuddeen,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Hamna da yara. Ido ya warke, har ina ganin lambar jesi daga wancan gefen fili. Mun girbe masara. Alisabatu na gaishe ka, ta ce kada ka riƙe ta a rai.

Ka roƙe ni in karɓi Njidda, na karɓe shi. Ya zo atisayen farko kafin kowa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki tsintsiya ya share bakin raga ba wanda ya sa shi. Na so in sami abin ƙi, ban samu ba.

Na raba 'yan wasan gida biyu na sa shi a tsakiya, na tsaya da usur ina jiran kuskurensa. Na ga ɗan gabanmu ya ɓalle ta hagu, na buɗe baki zan ce "Hagu!" Ƙwallon ta riga ta tafi. Na ce to, sa'a ce. Na sa mutum biyu su riƙe shi. Ya ja su zuwa gefe, ya bar rami a tsakiya, ya nuna wa kyaftin ramin da hannu. Na ce maka bidiyo ba ya nuna inda yaro ke tsayawa in ƙwallo ba ta ƙafarsa. To na gani. Inda zan ce ya tsaya, nan yake tsaye.

Da aka tashi na kira shi, don kada a ce ban ce komai ba. Na ce ya riƙa ɗaga kai kafin bugun kusurwa. Ya yi godiya da Fulatanci cikin ladabi, ya ce, "Useko, Baba Koci." Ni da shi duk mun san yana ɗagawa.

Ka ji sakamako: mun ci Kachalla Sembe uku da nema, mun ci wasan da ya biyo. Yaran unguwa sun fara neman jesinmu. Garke ya gangara Lau, yaron yana nan. Lissafinka ya fita, nawa bai fita ba. Mai yiwuwa ku ɗauki kofin nan bana. Na rubuta maka wannan da hannuna don kada ka ce ban taɓa faɗa ba.

Wasa biyun nan a benci na zauna kamar baƙon da aka gayyata. Kyaftin da Njidda ke tsara komai a cikin fili. In na yi ihu sukan juyo su gyaɗa kai, su ci gaba da abin da suke yi, kuma abin da suke yi daidai ne.

Ranar Talata na shiga keke zan je kasuwa, hanya ta bi da mu ta gefen filin Nukkai. Na hango Zacchaeus da sababbin yaransa huɗu, namu biyu da nasa biyu. Yana jefa wa Tobiya ƙwallo sama yana ihu, "Ka sa kai! Ka sa kai mana, raƙumi!" Yaron na tsalle ido a rufe, ƙwallo na dukansa a ƙeya. Na ce wa mai keke ya tsaya. Ya ce, "Baba, ba nan ne kasuwa ba." Na ce na sani.

Na shiga fili ban yi sallama ba. Na karɓi ƙwallon daga hannun Zacchaeus. Na ce wa Tobiya ya durƙusa a gwiwa, ya buɗe ido ya karanta mini rubutun da ke jikin ƙwallon yayin da take zuwa. Na jefa a hankali. Ta farko ya rufe. Ta biyu ya rufe. Can sai ya karanta, ta same shi a tsakiyar goshi ta dawo hannuna. Ya yi dariya kamar an ba shi kyauta. Ban je kasuwa ba ranar.

Zacchaeus ya rako ni bakin titi. Ya ce, "Baba, ni na iya tsara manya, amma waɗannan ban san ta inda ake fara su ba. Baɗi wasu huɗu za su zo, shekarar gaba wasu huɗu. Na karɓi abin da ya fi ƙarfina." Na ce masa tun yana yaro haɗama ce matsalarsa. Ya ce, "To ka zo ka gyara." Ba kujerarsa ya ba ni ba, shi ne koci. Ni yaran kawai zan riƙe, da yamma, a bayan raga.

Na ce masa zan yi shawara da gida. Alisabatu ta ce, "Shekara nawa kana zagin Nukkai a gidan nan? Da wane baki za ka shiga?" Na ce da wannan dai. Ta ce to in tafi, ya fi mata in zauna ina ƙirga mata kaji.

Saboda haka wannan takarda ita ce ta ajiye aiki. Ka ba kyaftin riƙon kulob, yana da hankali, kuma Njidda zai taimake shi. Makullin ɗakin kaya yana wurin mahaifiyarka. Na je na gaya mata da bakina kafin gari ya gaya mata. Ta yi kuka, ta ce ai kulob ɗin Abbo ne. Na ce mata na sani.

Ba fushi nake yi ba, kuma kada ka turo kowa ya ba ni haƙuri. Ka sayi abin da kake so, kuma abu ne mai kyau. Ni abin da nake so yana Nukkai, kai ka aika shi can.

Wasanmu da ku a watan Janairu ne, a filinku. In ka samu hutu ka zo. Za ka same ni a bencin baƙi, wanda rana ke duka. Ka tsallako ka gaishe ni a gaban kowa, har yanzu ni kawunka ne. Ka kuma gaya wa Njidda kada ya aiko ƙwallon sama ta gefen Tobiya. Kafin lokacin idonsa a buɗe zai kasance.

Kawunka,
Obadiya